JIF MAI AIKI DA FETUR DA BATIR: SAUƘIN MAI A GARI, ƊAWAINIYA A DAJI

Tun ran 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur a cikin jawabinsa na kama aiki, lissafin kowane mai mota a ƙasar nan ya sake. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki kaɗan, kafin ƙarshen shekarar 2024 kuwa sai da ta zarce Naira 1,000 a gidajen mai da dama. Waɗanda abin ya fi yi wa ciwo su ne masu manyan motocin nan da ake kira jif, musamman ma'aikatan da aikinsu ba ya barinsu a kan kwalta: malaman gona, masu duba makarantu, jami'an rigakafi, injiniyoyin rijiyoyin burtsatse da makamantansu. Irin waɗannan ba su da damar komawa ga ƙaramar mota, domin kuwa ƙaramar mota ba ta kai su ƙauye da damina.

Wannan ne ya sa hankalin mutane da yawa ya koma kan wata irin jif da dillalai ke kira haibirid, watau mai haɗa injin fetur da injin lantarki a jiki ɗaya. Da Hausa za a iya ce mata ruwa-biyu. Dillali zai ce wa mai saye ba ta shan mai, kuma ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya. Abin da ba safai yake faɗa ba shi ne, sauƙin da aka samu a gidan mai yana iya zurarewa a garejin bakanike, in mai motar bai san irin dabbar da ya ɗaure a gidansa ba.

YADDA TAKE AIKI

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Toyota na ƙasar Japan ya fara sayar da ƙaramar motar nan Prius a watan Disamba na 1997, ita ce ruwa-biyu ta farko da aka ƙera da yawa don kasuwa. A 2004 kamfanin Ford ya sa dabarar a cikin jif ɗinsa Escape, a 2005 kuma Lexus RX 400h da Toyota Highlander masu batir suka fito. Waɗannan biyu na ƙarshe sun daɗe suna shigowa Nijeriya a sahun tokumbo, haka ma RX 450h da RAV4 da suka biyo bayansu.

Motar fetur zalla tana asarar mai a wurare biyu: in tana tsaye injin na aiki, da kuma in an taka birki. Duk ƙarfin da aka ƙona fetur aka tara don motar ta yi gudu, da zarar an taka birki sai ya zama zafi a jikin ƙarfe ya bi iska. Ita kuwa ruwa-biyu, in direba ya ɗaga ƙafa ko ya taka birki, injin lantarkinta yakan juye ya zama janareta, ya riƙe motar, ya kuma mayar da wani kaso na wannan ƙarfi cikin batir. In ta tsaya a danja injin fetur ya mutu, in za ta tashi batir ya tura ta, sai gudu ya yi gudu sannan fetur ya karɓa. Kwamfuta ce ke raba wannan aiki, ba ruwan direba.

Daga wannan bayani mai karatu zai gane inda ribar take. Hukumar kare muhalli ta Amurka, wadda ke auna shan man motoci kafin a sayar da su a can, ta auna RAV4 ƙirar 2019 iri biyu. A cikin gari, mai batir ta yi wajen kilomita 17 da lita ɗaya, 'yar'uwarta mai fetur zalla kuwa wajen 11. A kan babbar hanya sai tazarar ta tsuke, ta zama wajen 16 da 14. Ke nan wanda ke fama da cunkoson Kano ko na hanyar Maraba zuwa Abuja kullum safiya shi ne mai cin moriya. Wanda ke kwana a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya ribarsa kaɗan ce. Wanda kuwa ke kutsawa cikin yashi, inda injin fetur ba ya samun hutu ko na minti ɗaya kuma ba a taka birki balle a tara wuta, to kusan dakon batir kawai yake yi.

Alal misali, a ɗauka ma'aikaci yana cin kilomita 1,500 a wata, rabi a gari rabi a hanya. In motarsa na yin kilomita 12 da lita, zai sha lita 125. In tana yin 17, zai sha wajen 88. Bambancin lita 37 ne a wata, watau kimanin 440 a shekara. Kowa na iya ninka wannan da kuɗin lita a garinsu ya ga abin da ya rage masa. Kuɗi ne masu kauri ga mai albashi. To amma wannan shi ne asusun da za a riƙa cira daga cikinsa ran da batir ko inbata ya ce ga garinku nan.

BA KOWACE JIF CE TA DAJI BA

A nan ne masu saye suka fi ruɗewa, domin sunan haibirid ya haɗa motocin da ba su da wata dangantaka in an leƙa ƙarƙashinsu.

Su RX 400h da Highlander da RAV4, waɗanda su ne aljihun ma'aikaci ke iya kaiwa gare su, jif ne a ido, amma ginin ƙaramar mota gare su. Ko waɗanda aka ce suna ja da taya huɗu, babu sandar ƙarfen nan da ke tasowa daga giya zuwa tayoyin baya. Wani injin lantarki ne dabam aka ɗora a baya, wanda ke taimakawa in tayoyin gaba sun fara santsi. Wannan ya isa ga hanyar burji, ko taɓo kaɗan, ko gangaren da ruwa ya jiƙa. Amma ba su da ƙaramin giyan nan na jan nauyi da direbobin Land Rover da Land Cruiser suka sani, kuma in tayoyi suka yi ta juyawa a banza cikin rairayi, kwamfuta takan rage ƙarfi don kare injinan lantarki daga lalacewa. Direba na taka totur, mota na nishi, ba ta gaba ba ta baya. Wanda ya sayi irin wannan da niyyar ratsa tudun yashin arewacin Yobe ko fadamun Haɗejiya a watan Agusta, ya sayi takalmin zuwa ofis ne ya nufi gona da shi.

Kashi na biyu su ne na daji na haƙiƙa, masu gangar jiki a kan firam na ƙarfe. Misali mafi kusa shi ne Land Cruiser 250, magajiyar Prado, wadda aka nuna wa duniya a watan Agusta na 2023. Wadda aka kai kasuwar Amurka a 2024 tana da injin fetur mai lita 2.4 da tabo, da injin lantarki guda da aka cusa tsakanin injin da giya mai hawa takwas, jimlar ƙarfinsu doki 326. Duk kayan daji suna nan yadda aka san su: sandar da ke kai ƙarfi baya, ƙaramin giya, da makullin da ke tilasta wa tayoyi juyawa tare. Batirinta ƙarami ne ƙwarai, bai kai yunit biyu irin na mitar wutar gida ba, kuma babban aikinsa shi ne ƙara wa motar ƙarfin tashi. A ma'aunin Amurka tana yin kusan kilomita 10 da lita, alhali tsohuwar Land Cruiser 200 mai silinda takwas da aka daina sayarwa a can bayan 2021 wajen 6 take yi. An samu ci gaba, babu shakka, sai dai mai tsammanin shan mai irin na Prius zai sha mamaki. Har ila yau batirin ya ci wuri a ƙarƙashin but, ya ɗaga daɓen da ake ɗora kaya, tankinta kuma lita 68 ne kacal, alhali wasu tsofaffin Prado masu tanki biyu suna ɗaukar lita 150. Ga mai tafiya inda gidan mai ke da nisa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma masu ɗan ƙaramin batir mai bolt 48, irin wanda aka fara sa wa wasu Hilux masu gas a 2024. Waɗannan ba sa tafiya da lantarki zalla ko taku ɗaya, taimako kawai batirin ke yi. Sai kashi na ƙarshe, masu babban batir da ake sa wa caji a soket, waɗanda za a zo kansu nan gaba.

ƘURA DA ZAFI

Babban batirin ruwa-biyu ba ya son zafi, kuma a yawancin motocin Toyota da Lexus iska ce ke sanyaya shi. Wata fanka ce ke zuƙo iskar cikin mota ta wasu 'yan ƙofofi da ke ƙarƙashin kujerar baya ko gefenta, ta hura wa batirin. Waɗanda suka tsara wannan sun yi shi ne da tunanin motar da ke tafiya gilashi a rufe, na'urar sanyaya ɗaki a kunne. A nan kuwa, don tsimin mai, sai a kashe na'urar a sauke gilashi, a bi hanyar ƙasa da hunturu, ƙurar da ke shiga hancin fasinja ita ce ke shiga huhun batir. Kan a jima ragar ta toshe, fikafikan fanka sun yi kauri da datti. Ga kuma al'adar tura darduma, ko buhu, ko ledar kaya a ƙarƙashin kujera, daidai bakin ƙofar iskar. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato da Maiduguri ke wuce digiri 40 a inuwa, motar da aka ajiye a rana cikinta ya fi haka nesa ba kusa ba.

Batirin ba ya mutuwa rana ɗaya. A hankali yake tsufa, kuma yana ba da alama ga mai lura: fankar baya ta riƙa ƙara fiye da da, injin fetur ya daina mutuwa a danja, ma'aunin caji a gaban direba ya riƙa cika nan da nan yana zubewa nan da nan, shan mai ya ƙaru. Abin takaici shi ne maganin wannan ciwo ya fi kowane gyara araha. Buɗe ragar a kakkaɓe, a duba fanka a goge, a bar ƙofar iska a sarari, a nemi inuwa wajen ajiye mota. Littafin mota yakan faɗi lokacin yin wannan, amma mai zama a ƙasar ƙura ya kamata ya riƙa yi tun lokacin bai kai ba, musamman da ƙarewar hunturu. Kunna na'urar sanyi a irin wannan mota kuma ba almubazzaranci ba ne, batir ma na shan rabonsa.

Bayan batir sai inbata. Masu wutar sola a gida sun san sunan. A mota ita ce ke juya wutar batir zuwa irin wadda injinan lantarki ke ci, kuma tana ɗaukar zafi ainun, shi ya sa aka yi mata nata ruwan sanyi da nata famfo dabam da na injin. Ke nan tulun ruwa biyu ne a ƙarƙashin bonet, ba ɗaya ba. Sau da yawa yaron gareji yakan duba na lagireto ya rufe bonet, bai ma san da ɗayan ba. Ruwan rijiya ko na leda da aka saba ɗura wa tsofaffin motoci ba shi da wuri a nan, sai ruwan da kamfani ya ambata. Kamfanin Toyota da kansa ya kira Highlander da RX 400h na shekarun farko a 2011, ya sake kira a 2013, don gyara wata matsala a cikin inbatarsu. Motar da ta baro Amurka ba a yi mata wannan gyara ba, da ciwonta ta iso.

Game da ruwa, jama'a sukan tambaya ko wuta za ta ja mutum in motar ta shiga rafi. An rufe batir da wayoyinsa, kuma akwai na'urar da ke yanke wuta in ta ji yoyo. Motocin daji na gaske suna da zurfin da kamfani ya yarda su ratsa, kamar santimita 70 ga Land Cruiser 250. Haɗarin yana ga motar da ruwa ya shiga cikinta ya kwanta, domin batirin yana ƙasa ne, dab da daɓe. Duk motar da ta kwana cikin ambaliya, irin wadda ta auka wa Maiduguri a watan Satumba na 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, bai kamata a ko gwada tayar da ita ba sai masani ya duba.

HANNUN BAKANIKE

Kanikawan ƙasar nan mutane ne masu basira, sun riƙe Peugeot 504 da Land Rover shekara da shekaru da guduma da waya da dabara. Sai dai dabarun da suka raya waɗancan motoci su ne ke kashe wannan.

Abu na farko batun rai ne. Batirin RX 400h yana da bolt 288, wutar gida kuwa 230 ce. Duk wayar da aka yi wa riga mai launin lemo a jikin motar, ta babbar wuta ce. Kafin a taɓa ta sai an kashe mota, an zare wani makulli na musamman da ke jikin batirin, an jira wajen minti goma wutar da ta taru a inbata ta sauka, an sa safar hannu ta roba da aka yi don wannan aiki, sannan a auna a tabbatar. Mai gyaran wayar mota da ya saba gwada wuta da tartsatsi, yana goga waya a jikin ƙarfe, in ya yi haka a nan ba lalle ya samu damar yi na biyu ba. Akwai kuma wani haɗarin da ba a cika tunawa da shi ba: motar na iya zama a kunne shiru kamar a mace, injin ya tashi da kansa alhali hannun yaro na cikin bonet, ko an riga an zubar da baƙin mai.

Na biyu, na'urar sanyaya ɗaki. A yawancin waɗannan motoci kwamfuresa da babbar wuta take aiki, ba da bel ba, saboda haka man da ke cikinta na musamman ne wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. In mai ɗura gas a bakin titi ya zuba man da ya saba zubawa, ko ya yi aiki da tiyon da ya jiƙe da shi, kwamfuta na iya jin yoyon wuta ta hana motar tashi ɗungum. Gyaran da aka je yi don tsimi sai ya jawo sauya kayan sanyi gaba ɗaya.

Sauran al'adun gareji ma haka. Cire na'urar da ke daidaita zafin injin, da haɗa fanka kai tsaye, suna hana injin kai zafin da kwamfuta ke jira kafin ta kashe shi, sai ya yi ta aiki, amfanin batir ya tafi. Tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi, akan cire ta a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, wani lokaci ma mai motar bai sani ba. Baƙin mai mai kauri da ake cewa ya fi dacewa da zafinmu bai dace da injin da ke mutuwa yana tashi sau ɗari a yini ba, domin siririn mai ne ke saurin kai wa ko'ina a kowane tashi. Gurɓataccen fetur kuwa, irin wanda aka shigo da shi a watan Fabrairu na 2022 mai yawan sinadarin metanol, ba ya bambanta ruwa-biyu da sauran motoci.

Wani abin da ke ba sababbin masu motar mamaki shi ne, bayan babban batir akwai ƙarami mai bolt 12 irin na kowace mota. Shi ke tada kwamfuta, ita kuma ta buɗe wa babban hanya. In ya yi sanyi motar ba za ta ce uffan ba, ko da babban a cike yake. An sha tsorata masu mota da cewa babban batir ne ya mutu, alhali ƙaramin ne. Kuma irin su Highlander da RX ba a tura su su tashi, ba su da kik irin wanda aka sani. Ba a kuma ɗaura musu igiya a ja su tafiya mai nisa tayoyi a ƙasa, domin juyawar taya na sa injin lantarki ya haifi wuta ya yi ɓarna. Sai dai a ɗora su a bayan babbar mota. Mai shiga daji ya tambayi kansa inda zai samo irin wannan mota in ta tsaya masa a bayan Gashuwa. Barin tanki ya ƙafe shi ma ganganci ne: motar za ta ɗan ja da batir, in ya zube ƙasa da ƙima kuwa ba zai iya tada injin ba ko an zuba mai, kuma cajinsa sai da na'ura ta musamman. Haka nan wanda zai tafi kwas ko aikin Hajji, ya bar wa wani amanar kunna ta lokaci lokaci.

Gaskiya ne akwai inda take sauƙaƙa wa mai ita. Takalmin birki yakan daɗe ƙwarai tun da injin lantarki ke yin yawancin riƙon. Irin su RX ba su da kulochi, ba su da altaneta. Amma birkin da ba ya aiki sosai yakan ci tsatsa ya maƙale, don haka a riƙa kwance shi ana shafa masa mai ko bai cinye ba.

RANAR SAYE DA RANAR SAUYA BATIR

A Amurka, a da Toyota yana ba da lamunin shekara 8 ko mil 100,000 a kan batir, daga ƙirar 2020 kuma ya ƙara zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Yawancin motocin da ke isowa nan sun wuce wannan wa'adi, kuma ko ba su wuce ba lamunin ba ya biyo su ƙetaren teku. Da yawa daga cikinsu ma a kasuwar gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta ci aka sayo su. Waɗanda suka fito daga Kanada da arewacin Amurka, inda ake watsa gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara, suna da nasu ciwon: an samu RAV4 na wajen 2019 zuwa 2021 da wayar babbar wuta mai zuwa injin baya ta ci tsatsa.

Saboda haka duban fenti da jin ƙarar injin ba su isa ba. Kowace mota na da lamba mai harufa da alƙaluma 17 a gindin gilashin gaba, da ita ake binciko tarihinta a intanet, a ga ko ta yi haɗari, ko ta sha ruwa, ko akwai kiran gyaran da ba a amsa ba. Sannan a sa na'urar bincike a karanta ƙarfin kowane sashe na batir, a tsaye da kuma a kan tafiya. Batirin RX 400h sassa 30 ne a jere, kamar jerin gwanon mutane masu miƙa wa juna bokiti, in ɗaya ya gaza duk layin ya tsaya. Lambar da na'ura ke nunawa in abin ya kai haka ita ce P0A80. Dillali mai wayo yana iya goge ta da safe, ba za ta dawo ba sai an yi tafiya, shi ya sa gwajin zagaye ɗaya a unguwa ba gwaji ba ne.

In ranar ta zo, hanya uku ce. Sabon batir daga kamfani shi ne mai kwanciyar hankali, kuma da kuɗin waje ake sayensa, ga yadda Naira ta faɗi tun da aka sake ta a watan Yuni na 2023. Na biyu batirin da aka ciro daga wata motar, irin wanda ake nema a Ladipo ta Legas, ko Apo ta Abuja, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, wanda ba mai iya rantsuwa a kan shekarunsa. Na uku shi ne a sauya sassan da suka mutu kawai. Wannan ya fi araha, kuma yana yi in mai aikin ya auna ya daidaita sababbin da tsofaffin. In kuwa cusawa kawai aka yi, bayan 'yan watanni wani sashen zai bi sahu, a sake kwance kujera.

MASU CAJI A SOKET

Fitacciya a wannan kashi ita ce Jeep Wrangler 4xe da ta fito a 2021: motar daji ce sosai, da batir mai ɗaukar yunit 17, wanda ke kai ta wajen kilomita 34 ba tare da ɗigon fetur ba. Ga wanda ofishinsa ke kusa kuma yake da tabbacin wuta, ko faifan sola masu yawa, wannan abin sha'awa ne. Amma in cajin ya ƙare, ma'aunin Amurka ya nuna tana yin wajen kilomita 8 da rabi da lita, watau ba ta fi 'yar'uwarta mai fetur zalla ba, saboda nauyin batirin da take ɗauke da shi. Mutanen Arewa kuwa ba su manta da watan Oktoba na 2024 ba, sa'ad da jihohi da dama suka kwana fiye da bakwai cikin duhu. Tada janareta don a yi wa mota caji kuwa, an gudu ne ba a tsira ba.

Bugu da ƙari, kamfanin Stellantis mai wannan mota ya kira dubbanta a ƙarshen 2023 saboda haɗarin gobara daga batir, ya sake kiran wajen 194,000 a duniya a 2024, haɗe da Grand Cherokee 4xe, yana gargaɗin masu su da su daina caji, su kuma ajiye su a waje nesa da gini har a gyara. Wanda ya ga irinta a filin dillali, binciken lambar nan ya zama masa tilas.

SAURA MASU GYARA

Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga wannan fasaha. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, shi ya zana siffar Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna a 2007, mota mai batir da injin fetur. Daga baya ya shugabanci Hukumar Tsarawa da Bunƙasa Motoci ta Ƙasa daga 2017 zuwa 2023, a zamaninsa ne kuma aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. Abin da ya yi ƙaranci shi ne bakaniken da ya iya karanta na'urar bincike, ya san ma'anar wayar lemo, a garuruwan da ba hedikwatar jiha ba. Ɗaliban kwalejojin fasaha da ke neman abin yi bayan kammala karatu suna da fili a nan, domin motocin na ƙaruwa. Ma'aikatun da ke sayen motocin aiki kuma ya kamata su sa horar da direbobi da kanikawansu cikin takardar ciniki tun farko, kada a wayi gari motocin sun zama ɗakin kaji a bayan sakatariya kamar yadda aka sha gani.

Su kansu masu ƙera motocin sun san da wannan damuwa. Da Toyota ya tashi sa batir a babbar jif ɗinsa ta alfarma, Lexus LX 700h, wadda aka bayyana a watan Oktoba na 2024, sai ya saka batirin cikin akwatin da ruwa ba ya shiga, ya kuma bar mata kik da altaneta irin na da, abin da ya saba cirewa a sauran motocinsa masu batir. Dalilin da ya bayar shi ne, in kayan lantarkin suka samu matsala a inda babu taimako, injin fetur zai iya tashi da kansa ya dawo da mutane gida. Kuɗin wannan mota ya fi ƙarfin ma'aikaci nesa, kuma za a ɗauki shekaru kafin irinta ta gangaro kasuwar tokumbo. Waɗanda ke filin dillalai a halin yanzu, su Highlander da RX da RAV4, ba su da wannan tanadi.